Bayit Biyu da Makullin Malam Labbo

Ku da kuke shigowa shagona da laftof a hammata kuna cewa aikin nan kwafa ne da liƙawa, ku samu wuri ku zauna. Jiya ma wani daga cikinku ya ce mini a awa biyu ya haɗa akwatin da ke aika zafin ɗaki zuwa wayarsa, har yana tambayata me ya sa ni nake cin wata guda a kan irinsa. Na ce masa madalla. Akwatinka yana kan tebur, kai ne mai aikawa, kai ne mai karɓa, in ya yi ƙarya kai kaɗai ya yi wa. Nawa kuwa yana maƙale a ƙafar tankin ruwa, a ƙauyen da sai ka yi awa uku a kan babur kafin ka kai, kuma akwai mutanen da ake yanke wa hukunci da lambar da ya aiko. Na taɓa sa an karɓe makulli daga hannun wani dattijo, 'yarsa ta cikinsa ta daina yi masa magana, saboda bayit biyu da na jera a juye.

Da gyaran rediyo na fara, a Gummi, a hannun Malam Sahabi. Kayan aikinmu mita ce mai allura, da ƙarfen liƙi da muke dafawa a garwashi, da dalma, da tsohon buroshin goge baki. Shekarata ta farko bai bar ni na liƙa komai ba. In aka kawo rediyo sai ya ce in buɗe, in zana a takarda inda kowace waya ta tashi da inda ta sauka, ja a ina, baƙa a ina. Ranar da na sa wa rediyon wani mahauci kafasita, wani ɗan kayan ciki mai kama da gwangwani, a juye ta fashe mini a fuska, bai zage ni ba. Cewa ya yi in je rumfar mahaucin da kaina in gaya masa ni na ƙona, ba tsufa ba ne. Na je, mahaucin ya wanke ni tas a gaban masu sayen nama, na dawo na ci gaba da zanen waya.

Sai da na haura talatin na koma makaranta, ina zaune cikin yaran da na girme wa da shekara goma. Daga nan na yi shekaru a Kaduna wajen wani mutum mai rubuta manhajar sikeli da famfon gidan mai. A wajensa na koyi rubuta wa ayisi umarni, wato ɗan baƙin guntun nan mai ƙafafu da yake shi ne ƙwaƙwalwar na'ura. Littafin da na koya da shi hoto aka buga mini, shafi goma sha ba sa karantuwa. Ban dawo gida ba sai bayan shekarar da gubar dalma ta ci yara a Anka da Bukkuyum, lokacin da aka shiga haƙa bohol mai sola a ƙauyuka don mutane su daina shan ruwan da aka wanke dutsen zinari a cikinsa. Wani ɗan kamfani ya samu aikin sa ido a kan waɗannan famfuna, shugabansa Injiniya Kabiru, shi ya ɗauke ni in haɗa masa akwatuna. A ƙauyuka ba wanda ya san ni da Mainasara, Mai Akwati suke ce mini.

Akwatin ba shi da wani kwarjini. Ayisi ne, da layin waya, da batir, da waya ɗaya da ta tafi mitar ruwa. Kullum bayan la'asar sai ya tattara abin da ya gani ya aika wa kwamfutar ofis a Anka: lambar famfo, lokaci, lita nawa aka ɗiba, ƙarfin batir. Duka a fakiti ɗaya mai bayit takwas, don sabis ɗin wajen nan ba ya ɗaukar dogon surutu.

To ku saurara, don nan ne kuke tsallakewa. Bayit gurbi ɗaya ne a ƙwaƙwalwar na'ura, kuma ba ya ɗaukar lambar da ta wuce ɗari biyu da hamsin da biyar. In lamba ta fi haka sai a raba ta gida biyu, kai da wutsiya. Ɗari uku, kanta ɗaya ne, wutsiyarta arba'in da huɗu, domin kowane ɗaya na kai yana nufin ɗari biyu da hamsin da shida. Wasu ayisi suna ajiye kai a gaba, wasu suna fara ajiye wutsiya, kowa da ɗabi'ar masu ƙera shi. A kan layin waya kuwa doka ɗaya ce, kai ke gaba. In ka manta ka aika wutsiya a gaba, mai karɓa ba zai ce maka komai ba. Zai ɗauki arba'in da huɗu a matsayin kai, ya rubuta dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu da sittin da biyar, ya buga a takarda mai tambari.

Akwatuna goma sha takwas na farko na haɗa su da wani tsohon ayisi mai ajiye kai a gaba. Ɗabi'arsa ta zo daidai da ta layi, don haka ban taɓa juya komai ba, kuma shekara uku ba su yi mini ƙarya ba. Ƙorafin da nake samu bai wuce na zanzaro da ya yi gida a ramin waya ba, ko wani ya zare batir ya je cajin waya. Sai tsawa ta ƙone akwatin wata tunga da ke gaba da Zugu, wadda ba zan faɗi sunanta ba. Na aika Kano da Legas, aka ce wannan ayisi an daina kawo shi. Dole na koma wani sabo, mai sauri, mai arha, mai fara ajiye wutsiya.

Wannan sabon ya ci mini mako uku kafin ma a zo maganar kai da wutsiya. Shi ba ya ɗibar bayit ɗai-ɗai kamar tsohon, hurhuɗu yake ɗiba, kuma lamba mai bayit huɗu sai ta fara daga gurbin da huɗu ke rabawa daidai. Kamar magini ne da ba ya yarda ya yanka bulo, gara ya bar fili. Manhajar da ke juya rubutuna zuwa abin da ayisi ke ganewa ta san da wannan, sai ta yi ta cusa mini guraben banza a tsakani ba tare da ta tambaye ni ba. Fakitina mai bayit takwas ya zama goma sha biyu, kwamfutar ofis tana neman lokaci tana tarar da shara. Na tilasta mata ta matse, sai ayisin ya riƙa sumewa duk sa'ad da ya kai hannu ga lambar da ba ta kan gurbinta. Ba hayaƙi, ba ƙara, ya yi shiru kawai. Ku da kuke gwaji a kwamfuta ba za ku taɓa ganin wannan ba, don ita tana rufa muku asiri ta ɗauko lambar ko a ina take.

Maganin da na samu shi ne in daina aika tsarin yadda yake kwance a ƙwaƙwalwa, in riƙa ɗaukar bayit ɗaya-ɗaya da hannuna ina jerawa a fakiti. Na jera lambar famfo. Na jera lokaci, na juya shi kai a gaba, bayit huɗunsa cif. Na jera batir. Da na zo kan lita sai na kwafe bayit biyun yadda na same su, wutsiya a gaba. Na gwada a shago kwana biyar, komai ya fito daidai, har na kira Injiniya ina yi masa burga. Abin da ban lura da shi ba shi ne shagona ba famfo. Mitar ruwa tana ajiye a kan benci a bushe, tana ba da sifili, shi kuwa sifili ko ta ina ka karanta shi sifili ne. Na ɗaure akwatin a bayan babur na kai na maƙala.

Mai kula da famfon tungar nan Malam Labbo ne, dattijo siriri mai ƙarancin magana. Shi ke buɗewa da safe, ya rufe da magariba, ya goge ƙurar fanel ɗin sola da tsumma. Ba haka kawai aka ba shi makulli ba. A shekarar gubar, jikansa, ɗan 'yarsa Hassi, yana cikin yaran da aka binne. Bayan nan mutanen tungar suka yi rantsuwa a masallaci cewa ba za a sake niƙa dutse a cikin gida ba, kuma ko ɗigon ruwan bohol ba za a ba masu wanke zinari ba. Aka duba aka ce wanda ya binne jika ba zai karya wannan rantsuwa ba.

Wannan ita ce shekarar da hanya ta lalace. 'Yan bindiga suna tare mutane tsakanin ƙauyuka, 'yan acaɓa suka daina yarda su wuce Zugu sai ranar kasuwa, a ayari. Da can duk wata nake zagaya akwatunana. A wannan shekarar na yi wata huɗu ban leƙa tungar ba, kuma ba ni nake duba lambobin ofis ba. Su kuwa lambobin suna ta zuwa. Yau lita dubu hamsin da uku, gobe dubu biyu, jibi dubu arba'in, a famfon da aka san bai cika wuce dubu takwas ko tara ba. Injiniya ya haɗa lissafinsa: ranakun da lamba ta yi sama, masu zinari sun kawo janareto sun ja ruwa, ranakun da ta yi ƙasa kuma an kulle an hana mutanen gari. Ya shiga ayari ya je ya karanta takardar a gaban mai gari. Malam Labbo ya rantse, aka ce masa na'ura ba ta da dangi a garin nan, ba ta san shi ba balle ta ƙi shi. Aka karɓe makulli aka ba wani Ɗanjimma. Hassi ta aika aka gaya wa ubanta kada ya sake taka zaurenta.

Ni duk ban sani ba sai da Injiniya ya shigo shagona da takardu, mako shida bayan haka, ya ce sabon mai makullin ma ɓarawo ne, lambobi ba su canza ba. Na karɓa na raba kowace lamba gida biyu a bayan takardar, da biro. Dubu hamsin da uku da ɗari biyu da tamanin: kai ɗari biyu da takwas, wutsiya talatin da biyu. Ta gaba, wutsiya talatin da uku. Ta gaba, talatin da biyu. Layi bayan layi kai yana tsalle, wutsiya tana zaune. Ruwan gaskiya ba ya haka, wutsiya ce ke rawa kullum, kai ya zauna. Na juya ta farko, ta ba ni dubu takwas da ɗari huɗu. Kunya ta kama ni, kuma na ji tsoron Allah.

Na ce, "Injiniya, ba Malam Labbo na ba, ba Ɗanjimma na ba. Akwatina shi ka ƙarya, kuma ni nis sa shi."

Ya duba lissafina a bayan takardar. Sannan ya ce, "To, Malam Mainasara, ka je ka gyara. Amma shiru. Lambobi za su sauko, a ce tsoro suka ji suka daina, magana ta mutu."

"Shi kau dattijon?"

"Nan gaba a san yadda za a yi masa. Ka sani dai ana shirin ba mu ƙauyuka arba'in. In aka ji akwatinmu ya yi ƙarya, ba mu kaɗai za mu rasa ba, ƙauyukan nan za su koma famfo ya mutu wata uku ba wanda ya sani."

Ba zan ce maganarsa ba ta da nauyi ba, kuma ba mugun mutum ba ne. Amma ku duba abin da yake nema. In na gyara a ɓoye, gyaran nawa shi zai zama shaidar ƙarshe a kan Malam Labbo, kowa ya ce ga shi nan an matsa musu ruwa ya daidaita. Na ce masa ba ni taɓa layi ɗaya na umarnin akwatin sai mutanen tungar sun ga ƙaryar da idonsu. Ya ce in na yi haka in ɗauka mun rabu. Na ce mun rabu.

Ranar kasuwa na naɗe laftof a tsumma na cusa a buhun dusa, don kada a tare mu a ɗauke ni ma'aikacin gwamnati. Babura tara muka tashi da hantsi, ba mai yi wa wani magana, kowa idonsa a daji. Allah ya kai mu lafiya kafin azahar. Na wuce kai tsaye wajen mai gari na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, ina son a kawo jarka goma sha biyu, a tara mutane bakin hwamfo, a kira Malam Labbo." Tun lokacin rikicin, Injiniya ya sa kwamfutar ofis ta riƙa turo wa wayar mai gari lambar kullum, kuma da wannan na dogara, don in daga laftof ɗina lamba ta fito za a ce ni na rubuta.

Mutane suka taru. Malam Labbo ya zo a ƙarshe, ya tsaya can gefe inda ba kowa, ya rame. Na buɗe akwati na mayar da ƙirga sifili. Ɗanjimma ya buɗe famfo da hannunsa, liman yana ƙirga jarka, kowace lita ashirin da biyar. Da aka cika goma sha biyu na tambayi malamin firamare lita nawa ke nan, ya ce ɗari uku. Na ce to kowa ya riƙe wannan, sannan na danna akwatin ya aika. Aka rataye wayar mai gari a reshen dogon yaron da ke jikin famfo, don wajen nan kaɗai sabis ke kamawa a tungar. Muka jira har wasu suka fara guna-guni cewa an hana su gona. Da ta yi ƙara malamin ya sauko da ita ya karanta: dubu goma sha ɗaya da ɗari biyar da ashirin da ɗaya. Jarka ɗaya ta ɗan tumbatsa, lita guda ta ƙaru, akwatina ya mai da ita ɗari biyu da hamsin da shida.

Mai gari ya ce a sake karantawa. Aka sake. Ya dubi jarkokin a jere a rana, ya dube ni, ya ce, "Mai Akwati, mi ag ga wanga abu?"

Na miƙe tsaye don na baya su ji. Na ce na'ura ba ta lalace ba, tsawa ba ta taɓa ta ba, ba kuma aljani ba ne. Ni na rubuta mata ta faɗi lamba a juye, ban gwada da ruwa ba, kuma duk takardar da aka karanta musu a kan Malam Labbo daga kuskurena ta fito. Wani ya ce ya kamata a ɗaure ni, wani ya ce a farfasa akwatin. Ban ba kowa haƙuri a kan akwatin ba. Na jona laftof na musanya layi biyu na rubutun, aikin da bai kai minti biyar ba, na mayar da ƙirga sifili, na ce a zubar da ruwan a kwamin dabbobi a sake cikawa. Wannan karon wayar ta ce ɗari uku.

Aikin ƙauyuka arba'in wani aka ba, daga wani gari. Ni na koma gyaran inbatar sola da cajar waya kusan shekara biyu, wasu a Anka suna nuna ni suna cewa ga wanda ya tona wa kansa asiri. Su yi ta faɗi. Har yau ba na sakin akwati sai na tura masa ɗaya, biyu, uku, huɗu a jere na ga yadda suka sauka a ɗaya gefen, kuma akwai jarka da mazurari a ƙarƙashin bencina. Wanda yake ganin wata guda ya yi yawa ya kai aikinsa wajen mai awa biyu.

Amma waccan ranar ta tunga ba a bakin famfo ta ƙare ba. Ɗanjimma ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa wa mai gari, mai gari ya miƙa wa Malam Labbo da hannu biyu. Dattijon bai karɓa ba. Ya tako har inda nake naɗe waya, ya ce, "Mai Akwati, mata ba su zo nan ba. Ɗiyata ba ta ji ba. In ni nih hwaɗa mata, ba ta yarda. Ka taho ka hwaɗi da bakinka."

Na bi shi. Gidan mijin Hassi yana ƙarshen tungar, kusa da gonakin gero. Malam Labbo bai shiga zaure ba, ya tsaya a rana daga waje, hannayensa a baya. Mijin ya yi mini iso har bakin danga, ya ce tana ji. Ban ga fuskarta ba, ƙarar turmi kawai na ji ta tsaya. Na yi sallama na faɗi sunana, na ce ni na haɗa akwatin famfo. Ban yi mata zancen bayit ba. Na ce an cika jarka goma sha biyu a gaban liman, akwatina ya ce sun fi ɗari huɗu, kuma haka yake yi tun ranar da na maƙala shi. Na ce mahaifinki bai sayar da ruwa ba, ko moɗa ɗaya, ni na yi masa ƙarya ban sani ba.

Na fara shirin in sake daga farko. Sai na ji ta yi magana, muryarta a dushe, kuma ba da ni take ba.

"Baba, kana nan?"

Ya ce, "Ina nan, Hassi."

Ta ce, "Shigo ciki, rana ta yi zahi."